Yadda za ka shirya Alipay da WeChat Pay kafin ka tafi Chaina

Wanda ya daɗe bai je Guangzhou ba, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne an kusa daina ƙirga kuɗi a hannu. Mai taksi, mai 'ya'yan itace a bakin titi, mai shagon taliyar nan ta Musulmin Lanzhou da mutanenmu ke cikawa a unguwar Xiaobei, kowa ya liƙa zanen QR a gabansa, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, waya ce ke biya. Doka ba ta hana takardar kuɗi ba, hasali ma babban bankin ƙasar yana cin tarar wanda ya ƙi karɓarta. Canji ne babu. Ka ci abincin yuan 18 ka miƙa takardar 100, sai yaron shago ya fita neman canji a maƙwabta, kai kana tsaye, jama'a na jira a bayanka. Na yi wannan tsayuwa fiye da sau ɗaya, kuma ba na so wani ɗan'uwa ya yi ta.

Manhajoji biyu ne ke riƙe da harkar: Alipay ta kamfanin Ant Group, da WeChat Pay ta kamfanin Tencent. A da, baƙo sai ya buɗe asusu a bankin Chaina kafin ya more su sosai. Daga tsakiyar 2023 aka buɗe ƙofa, ana iya haɗa katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje kai tsaye. A watan Maris na 2024 kuma aka ɗaga iyakar abin da baƙo zai iya kashewa: biya ɗaya daga dala 1,000 zuwa 5,000, jimillar shekara daga dala 10,000 zuwa 50,000.

Sai dai duk wannan sauƙin yana hannun abu biyu da za ka taho da su daga gida, katinka da layinka. Mafi yawan waɗanda na ga sun maƙale a can, manhajarsu lafiya take, katin ko layin ne ya ba da matsala. Don haka aikin a gida ake yin sa, sati biyu ko uku kafin tashi.

Mataki na farko: katin

Fito da katinka ka duba tambarin da ke jikinsa. In Verve ne, ajiye shi, ba zai haɗu ba. Visa ko Mastercard ake nema. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru ma tambarin za su duba, don katin da aka yi wa cikin gida kaɗai ba ya tsallaka ruwa.

A Najeriya akwai ƙarin magana. Daga 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala. A tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, amma kowane banki da iyakar da ya sa, kuma iyakar takan canza. Kar ka dogara da abin da ka ji a majalisa. Taka da ƙafarka zuwa reshen bankinka ka yi tambaya uku: katin nan yana biya a waje ta intanet? Nawa ne iyakarsa a wata? Da wane farashi ake lissafa canjin? Tambayar farko tana da muhimmanci, domin duk sayayyar da za ka yi ta Alipay, ko ruwan gora ne, banki yana ganinta a matsayin biya ta intanet zuwa ƙasar waje. In an kulle wannan ɓangaren a katinka, ko miliyan nawa ke ciki ba zai fita ba.

Ni abin da na fi yarda da shi katin asusun dala ne. Ka zuba masa abin da ka ƙiyasta za ka kashe na abinci, mota, jirgin ƙasa da masauki, ka ɗora wani abu a kai. In da hali ka tafi da kati biyu na bankuna daban-daban. Katunan dala da ake buɗewa a cikin manhaja, waɗanda babu su a hannu, wani ya haɗu wani ya ƙi, don haka kar a ce shi kaɗai ka riƙe. Ka kuma sanar da banki ranakun tafiyarka, don kar na'urarsu ta ga kuɗi na fita a Guangzhou ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe katin.

Mataki na biyu: layin waya

Lambar da banki ke turo maka alat da lambar tabbatarwa, ita ce za ta bi ka. Ka tabbata an buɗe mata romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, ka sa mata kati isasshe, kuma kar ka bar ta a gida wai don yara su riƙa amsa kira. Alipay da WeChat duk suna karɓar lambar waje, +234 ko +227 ko +233, ba sai ka sayi layin Chaina ba. Amma duk ranar da manhaja ta yi shakkar cewa kai ne, wannan lambar za ta turo wa saƙo. In layin na Fagge kai kana Yiwu, garin sari na Chaina, ka shiga uku.

Game da data, ka sani cewa Google, WhatsApp da Facebook ba sa buɗuwa a intanet ɗin otal ko a layin Chaina. In kana kan romin ko eSIM na matafiya, wato layin da ake sa wa waya ta intanet ba tare da katin sim na hannu ba, suna buɗuwa, saboda datar tana bi ta waje. Wannan ne ya kawo mu mataki na gaba.

Mataki na uku: sauke manhajojin tun kana gida

Mai Tecno, Infinix, itel ko Samsung daga Google Play yake sauke manhaja, shi kuma ba ya aiki a can. Sauke duka biyun yanzu, ka sabunta su. Kar ka yarda wani ya turo maka su ta waya zuwa waya a kasuwa, manhajar kuɗi daga tushenta ake ɗauko ta.

Fara da Alipay, ta fi sauƙi ga baƙo. Zaɓi lambar ƙasarka, sa lambar wayarka, shigar da lambobin da za su shigo ta saƙo. Za ta buɗe maka da Turanci. Nemi wurin ƙara kati, an rubuta "Bank Cards", ka shigar da lambar katin, ranar ƙarewarsa da lambobi uku na bayansa. Za a ce ka ƙirƙiri lambar sirri mai lamba shida. Ita ce makullin kuɗinka, kar ka sa ranar haihuwa, kar ka rubuta ta a bayan fasfo.

Daga nan sai tantancewa. Za ka ɗauki hoton shafin fasfo mai hotonka, wani lokaci a ce ka nuna fuskarka ga kyamara. Ana iya kashe ƙananan kuɗi kafin a kammala wannan, amma ka gama shi tun yanzu, don kar a tsayar da kai rana tsaka a gaban mai kaya. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe, kuma saboda suna ne. Mutum ɗaya fasfonsa Muhammad, katinsa Mohammed, shi kuma ya rubuta Muh'd. Wani ya sa Alhaji a gaba, wata ta sa sunan mijinta alhali fasfo na ɗauke da na mahaifinta. Kwafi abin da ke cikin fasfo harafi bayan harafi. In sunan da ke katin ya yi nisa da na fasfo, gyara shi a banki kafin ka tafi. Kuma kar ka haɗa katin matarka ko na yaron shagonka da asusun da aka tantance da fasfonka. Hoton ma a ɗauke shi da hasken rana, ba tare da ƙyallin fitila ya rufe rubutun ba.

WeChat ta ɗan fi tsauri. Sabon mai rajista wani lokaci sai an nemi wani tsohon mai amfani da ita ya tsaya masa, ya haska wani zane da wayarsa. A Kantin Kwari ko Sabon Gari ba za ka rasa mai ita ba, duk mai sari daga Chaina da ita yake magana da masu kayansa. Neman irin wannan mutum a gida ya fi sauƙi a kan nemansa a filin jirgi da tsakar dare. In rajista ta kammala, shiga "Me", ka nemi ɓangaren biya da "Wallet", ka ƙara kati kamar yadda ka yi a Alipay. Kar ka shiga tura wa mutane da yawa buƙatar abota a rana ɗaya da sabon asusu, suna iya rufe shi.

Me ya sa biyu? Saboda ranar da ɗaya ta ƙi, ɗayar za ta fid da kai. Kuma akwai gidajen abincin da jerin abincinsu ma ta WeChat ake buɗe shi.

Mataki na huɗu: gwaji da yadda ake biya

Da ka sauka filin jirgin Baiyun na Guangzhou, kafin ka fita, shiga shago ka sayi ruwa. In ya wuce, alhamdu lillahi. In ya ƙi, kana wurin da akwai intanet, akwai na'urar cire kuɗi, akwai teburin canji.

Hanyar biya biyu ce. A manyan shaguna kai za ka danna "Pay", zanenka ya fito, mai shago ya haska shi da na'urarsa. A ƙananan wurare kai za ka danna "Scan", ka haska zanen da ya liƙa, ka rubuta kuɗin da hannunka, ka sa lambar sirri. Shuɗin zane na Alipay ne, kore na WeChat. Su ba sa kiran su da waɗannan sunaye: Alipay a bakinsu Zhifubao ce, WeChat kuma Weixin. In mai shago ya ce maka "wo sao ni", yana nufin shi zai haska naka. In ya ce "ni sao wo", kai za ka haska nasa. Yuan ma a kasuwa "kuai" suke cewa. Duba sifili da kyau kafin ka danna, 50 da 500 yatsa ɗaya ne tsakaninsu. Yawanci akwai ɗan lasifika a shagon da ke faɗin kuɗin da ya shigo, ka tsaya sai ya yi magana.

Zanenka na biya kuwa tamkar buɗaɗɗen aljihu ne, domin ƙananan kuɗi suna fita ba tare da an nemi lambar sirri ba. Kar ka ɗauki hotonsa ka tura wa kowa, kar ka buɗe shi tun kana ƙarshen layi.

Akwai caji. Sayayyar yuan 200 zuwa ƙasa babu ko sisi. Da ta haura 200, ana cire kashi 3 cikin ɗari na dukan kuɗin, wato yuan 30 a kan 1,000, ban da abin da bankinka zai ci a wajen canji. Wasu suna roƙon mai shago ya raba kuɗin gida biyu. Sau ɗaya ba laifi, amma in ka jera biya biyar iri ɗaya a minti biyu, kana kiran a rufe maka kati.

A cikin Alipay za ka sami DiDi na kiran mota, da "Transport" inda za ka buɗe zanen shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin da kake. Mai zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi a Pazhou a Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, wannan zanen zai raba shi da dogon layin sayen tikiti kowace safiya.

Abin da manhajar ba za ta yi maka ba

Da katin waje ba ka iya yi wa mutum tiransifa, ba ka iya aika jar ambulan ɗin nan ta kyauta da suke yi a WeChat. Biyan ɗan kasuwa kawai aka yarje maka. Shi ya sa wani lokaci zanen ɗan tireda ko mai turin kaya yake ƙi, saboda nasa na kansa ne, bai yi rajistar kasuwanci ba. Don irin wannan ka riƙe yuan 300 zuwa 500 a ƙananan takardu, 10 da 20. In kuma ka shigo da kuɗin waje da ya haura dala 5,000 a hannu, doka ta ce ka bayyana wa kwastan ɗinsu.

Babban abin da nake so a ji shi ne, wannan kuɗin aljihu ne, ba kuɗin kwantena ba. Kashi 3 cikin ɗari a kan dala 5,000 dala 150 ne, riba ta tafi. Kuɗin sari hanyarsa daban, ta banki zuwa asusun kamfani, da takardar kaya a hannu. Ka yi hattara da masu cewa ka ba su naira a gida, wani da ba ka sani ba zai tura wa mai kayanka yuan. Tun da hukumomin Chaina suka tsananta farautar asusun 'yan damfara a 2020, 'yan kasuwa da yawa a Yiwu sun wayi gari an daskarar da asusunsu saboda kuɗin da ya shigo musu ta irin wannan hanya. In aka rufe asusun mai kayanka, kayanka ma sun kwana. Haka nan kar ka ba kowa aron asusunka ya karɓi kuɗi da shi, fasfonka ne a jiki.

In biya ya ƙi wucewa

In ka kunna VPN, wato manhajar da ake buɗe shafukan da aka toshe da ita, kashe ta, ka sake gwadawa sau ɗaya. In ya ƙi, canza kati ko ka koma ɗaya manhajar, kar ka yi ta dannawa. Duba ko banki ya turo saƙo. In kiran banki ya kama, ka tuna Chaina ta riga Najeriya da Nijar da awa bakwai, ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe huɗu ne na yamma a Guangzhou. Layin taimako na Alipay a can shi ne 95188, na WeChat Pay kuma 95017.

Waya in ta mutu, kuɗinka ya mutu da ita, don haka fawa banki ya zama dole. Amma daga ƙarshen Yunin 2025 ba a barin shiga jirgin saman cikin gida na Chaina da fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar inganci ta Chaina, a jikinsa. Mai tashi daga Guangzhou zuwa Yiwu ya duba nasa, in babu tambarin ya sayi wani a can.

In ka dawo gida, kar ka goge manhajojin, kuma kar ka bar layin ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani. Ranar da ka sabunta fasfo ko kati, shiga ka sa sabon bayanin tun kafin a buga maka biza ta gaba.