Sensar suga a damtse: kurakuran da na gaji da gani

Duk mai ciwon suga da ya fara liƙa sensa a damtse, wato 'yar na'urar da ke auna suga tana nuna lambar a waya, a makon farko ba ya rabuwa da waya, bini-bini sai ya duba. Dubawar ba ta dame ni ba. Abin da mutane ke aikatawa bayan sun ga lambar ne ya ishe ni.

Sensa, ko FreeStyle Libre ce ko Dexcom, ba jini take aunawa ba. Siririn zaren da ke shiga ƙarƙashin fata yana auna sugan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, kuma wannan yana bin na jini a baya da kamar minti 5 zuwa 15. Wanda bai riƙe wannan ba zai sha wuya.

Ka ci tuwon shinkafa, ka yi allurarka ta insulin. Bayan minti 40 ka ga 230, kibiyar da ke nuna inda sugan ya nufa ta miƙe sama, sai ka ruɗe ka ƙara insulin. Haba malam! Ta farkon ko rabin aikinta ba ta yi ba. Insulin mai saurin aiki yana kai awa 3 zuwa 5 a jiki, ka ɗora masa wani, sannan su haɗu su kayar da kai. Ni ma na yi wannan wautar bayan wata walima. Da la'asar sai ga ni zaune dirshan a ƙofar shago, gumi sharkaf, hannu na rawa, maƙwabcina yana ɗura mini lemo. Tun daga ranar ba na ƙara allura sai awa 3 ta cika, kuma sai na huda yatsa na auna jinin da mita na tabbatar. Wannan tsarina ne, kai ka zauna da likitanka ku tsara naka.

Haka idan suga ya faɗi ƙasa da 70. Ka sha cokali babba ɗaya na sukari ko zuma, wajen giram 15, ka jira minti 15, ka auna da yatsa. Sensa za ta daɗe tana nuna ƙasa alhali jini ya riga ya hau. Masu bin ta suna ta ɗirkar lemo da burodi, can anjima su tsinci kansu a 300 suna zagin na'ura.

Don Allah kada ka jefar da mitar yatsa wai ka yi sabon abu. Idan ƙararrawa ta tashe ka tsakar dare da 55 amma jikinka garau, wataƙila kan sensar ka kwanta ka danne ta. Juya, ka huda yatsa kafin ka kai komai baki. Shi ya sa nake liƙa tawa a hannun da ba na kwanciya a kansa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka shafa basilin ko mai a wurin, ka goge da sifirit ka bari ya bushe sarai, in ba haka ba gumin watan Afrilu zai ɓamɓare ta tun kafin kwana 14 ɗin Libre su cika. Ranar farko lambobinta kan yi tangal-tangal, ka yi mata uzuri. Tsohuwar Libre awa 8 kawai take adanawa, in ka wuce ba ka duba ba, na baya ya tafi. Sabuwar da ke cikin kwali ba a barin ta a mota cikin rana. Wanda aka aiko wa daga Ingila ya lura, lissafinsu daban ne: 7 ɗinsu 126 ne a namu, ana ninkawa da 18.

Sai magunguna, waɗanda kusan ba mai tambaya a kansu. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana iya sa Libre 2 ta nuna sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea da masu sikila da yawa ke sha shi ma haka yake yi wa Dexcom, don haka mai shan sa ya gaya wa likita kafin ya kashe kuɗinsa.