Kurakuran masu tara maki a ƙuri'ar izinin farautar elk a Amurka

A jihohin yammacin Amurka, masu neman izinin harbin elk, babbar barewar nan mai rassan ƙaho, sun fi takardun izinin yawa nesa ba kusa ba, don haka ƙuri'a ake jefawa, a yawancin jihohin kuma wanda bai dace ba a ba shi maki guda ya ajiye wa baɗi. Makin iri biyu ne: makin fifiko da makin ƙari.

Babban kuskure shi ne ɗaukar makin ƙari tamkar layi ne da dole wata rana a zo kan mutum. Makin fifiko, irin na Colorado, shi ne mai kama da layi, domin wanda ya fi maki ake fara ba. Makin ƙari kuwa yawan sunan mutum a cikin ƙwarya kawai yake ƙarawa. A Nevada ana ninka maki da kansa a ƙara ɗaya, wato mai maki 10 sunansa zai shiga sau 101, amma duk da haka sabon shiga mai suna ɗaya tak yana iya dacewa, mai maki 10 ɗin ya tashi a tutar babu. Arizona na ware kashi 20 cikin ɗari na takardun ga waɗanda suka fi maki, Utah kuma rabi, sauran a bar wa sa'a. Idaho da New Mexico ba su da tsarin maki sam. Maganin wannan shi ne a karanta ƙa'idar kowace jiha daban kafin a zuba kuɗi, a kuma duba alƙaluman bara na yankin da ake so.

Akwai kuma masu ƙona makinsu a banza. A Nevada mai nema yana iya zaɓar yankunan farauta har biyar, ana duba su gaba ɗaya, kuma ko na biyar ne ya fito, makin ya tafi. Mutum ya shekara goma yana tari, sai ya cike gurbin ƙarshe da yankin da bai damu da shi ba don kada ya bar wurin fayau, ƙarshe nan ɗin aka ba shi. A ganina wannan ya fi kowane kuskure ciwo, alhali barin gurbin babu komai ya wadatar.

Neman haɗin gwiwa ma yana da tarko. Arizona tana haɗa makin 'yan rukuni ta raba daidai, Colorado kuwa da na mafi ƙarancin maki take aiki, saboda haka aboki sabon shiga yana iya jawo kowa ƙasa.

Sai sakaci. Wanda ya yi shekara biyar a jere bai nema ba a Arizona ya rasa makinsa, kuma jihar tana ba da maki guda na ƙari ga mai nema shekara biyar ba fashi, da wani na dindindin ga wanda ya kammala kwas ɗinta na koyar da mafarauta. Ana rufe neman elk a can a watan Fabrairu, kuma ya kamata a tabbatar katin bankin da aka bayar bai daina aiki ba kafin ranar cire kuɗi.