Yadda za ka saba da keke mai naɗewa mai ƙananan tayoyi

Duk wanda ya taso yana tuƙa Raleigh ko Phoenix, masu taya inci 28, ranar da ya fara hawa keke mai naɗewa sai ya ji kamar bai taɓa iya keke ba. Tayoyinsa inci 20 ne, kamar yawancin na kamfanin Dahon, ko inci 16, kamar na Brompton da ake ƙerawa a Landan. Ƙaramar taya ba ta da nauyi, saboda haka da ka ɗan motsa hannu sai kan keken ya karkata nan take. Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ke nan.

Kafin ka hau, fara da makullai, wato ƙarafan da suke riƙe keken kada ya naɗe. Akwai na gaɓar tsakiya, da na wuyan kan keke, da na sandar sirdi. Ka rufe kowanne har ya kama gam, sannan ka matse birkin gaba ka riƙa tura keken gaba da baya. In ka ji wani abu yana ƙwas-ƙwas, kada ka hau sai an ɗaure. Wanda ya sayi na gwanjo ya fi kowa bukatar wannan dubawa, don gaɓar takan saki da tsufa.

Sai sirdi. Ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda tana ƙasa, amma kada ka zare sandar ta wuce layin da masu ƙera ta suka zana. Da ka samu daidai tsayinka, yi wa wurin alama da alƙalamin maka, tunda kullum ka naɗe keken sai ka sauke sirdin. Iska kuwa, a jikin tayar aka rubuta adadin da take so. Ka nuna wa mai faci, kada ya auna da ɗan yatsa.

Yanzu nemi fili mai tauri inda babu mota, kamar harabar makaranta bayan an tashi. Babban aikin a nan shi ne sassauta hannu. Sabon shiga yakan ƙanƙame kan keke don tsoro, kuma ƙanƙamewar ce take kawo rawar da yake gudu. Saki kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan, ka kai idonka can gaba, ka daina kallon tayar. Yi ta zagaye kana zana lamba 8, daga babba kana rage ta. Bayan haka ka gwada sakin hannu ɗaya da waiwayen baya, domin a titi dole ka yi su. Birki kuma ka riƙa kama biyun tare, kana ɗan ja da jikinka baya.

Inda ƙaramar taya take da rauni shi ne rami. Ramin da babban keke zai taka ya wuce, ita faɗawa take yi, ta tsaya cak, ta wurga ka gaba. Kauce masa in da hali. In babu, rage gudu tun da wuri, ɗaga mazauninka daga sirdi, gwiwoyinka su sha girgizar. Bakin kwalbati da layin dogo kuwa, ka tsallaka su kai tsaye, kada ka zo musu a kaikaice. Da damina, kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba, zagaye shi. Yashi mai zurfi kuma kada ka yi gardama da shi, sauka ka tura. Wanda kekensa ke da giya ya ƙara kula, don ƙarfen canja giyar yana dab da ƙasa, dutse kaɗan zai lanƙwasa shi.

A hawan tudu, zauna ka sa giya mai sauƙi. Miƙewa tsaye kana fizgar kan keke yana gajiyar da dogon wuyansa da makullinsa.

Naɗewar kuma a gida za ka koye ta, kada sai ka je tasha direba yana jiranka da but a buɗe. Kowane samfuri da tsarinsa, ka bi shi daki-daki, ka kuma lura kada wayar birki ta maƙale a gaɓa. Yawancinsu ba su ɗaukar fiye da kilo 105 zuwa 110, kai da kayanka, saboda haka babu zancen goyo.