Yadda Ake Kai Rahoton Matsalar Manhaja Da Aika Faci Ga Masu Ita Na Asali

Na sha ganin sababbin masu rubuta manhaja suna aika saƙon da bai wuce "abin ba ya aiki" ba, sannan ransu ya ɓaci idan suka ji shiru. Masu kula da buɗaɗɗun manhajoji (waɗanda kowa zai iya ganin rubutunsu ya gyara), waɗanda da yawansu aikin sa-kai suke yi, ba za su iya gyara kuskuren da bai faru a kwamfutarsu ba.

Da farko ka tabbatar matsalar tana nan a sabuwar siga. Mai amfani da Debian ko Ubuntu, nau'o'in tsarin kwamfuta na Linux, yakan riƙe sigar da ta kwana biyu, kuma mai yiwuwa an riga an gyara kuskuren tun daga tushe. Ka ɗauko rubutun manhajar daga ma'ajiyarta ta Git (manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen rubutu), ka harhaɗa shi ya zama manhaja mai aiki, ka gwada. Idan matsalar ta ɓace, to masu rarrabawa, wato masu Debian ko Ubuntu ɗin, za ka tuntuɓa. Ka kuma duba tsofaffin rahotanni, kada ka maimaita na wani.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙanƙanta misalin da ke nuna matsalar. Na taɓa tura aikina sukutum a matsayin shaida, rahoton ya yi watanni babu wanda ya waiwaye shi, domin babu mai lokacin tono kuskure a cikin dubban layuka na wani. Ka cire rabin rubutun, ka sake gwadawa. Idan matsalar tana nan, ka sake cire rabin abin da ya rage, har sai ka kai ga 'yan layukan da cire ko ɗaya daga cikinsu zai sa ta ɓace. Idan a da abin yana aiki daga baya ya lalace, ka yi amfani da git bisect: ka nuna masa siga mai lafiya da marar lafiya, shi kuma ya riƙa raba tazarar gida biyu, ta yadda gwaji kamar 10 zai gano mai laifi a cikin sauye-sauye 1,000. Harhaɗawa a kai a kai tana cin lokaci idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, amma ni ba na aika irin wannan rahoto sai na yi shi.

A cikin rahoton ka rubuta lambar siga, tsarin kwamfutarka, matakan da ka bi, abin da ka yi tsammani da abin da ya faru. Ka kwafo saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton allo ba. Idan kafar tsaro ce, a asirce ake sanar da masu kula.

Game da faci, wato gyaran rubutun da kake aika wa masu kula, ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, mai ɗauke da ƙa'idojin ba da gudummawa, tukuna. Faci ɗaya, matsala ɗaya; kada ka haɗa da gyaran tazarar layi. Ka bayyana dalilin sauyin, tunda abin da ka sauya kowa zai gani. Masu Linux ta imel suke karɓa: git format-patch ya shirya facin, sai checkpatch.pl ya duba salon rubutun, get_maintainer.pl ya nuna wanda za a aika wa, kuma dole ne ka sa layin Signed-off-by mai ɗauke da sunanka, wanda suke nema tun 2004. Masu amfani da GitHub kuwa, shafin ajiye rubutun manhajoji, buƙatar haɗe reshenka (kwafin da ka yi gyara a kai) da nasu za ka buɗe.

Idan aka yi maka gyara, ka amsa kowane batu, ka aika siga ta biyu tare da bayanin abin da ya canza. Idan shiru ne, ka jira aƙalla mako guda kafin ka yi tuni.