Yadda ake dasa koren tuffa Granny Smith a nan Saudiyya

Koren tuffan nan mai tsami da muke saya a bakala tsohon iri ne fa, tun 1868 ya tsiro da kansa a gonar wata tsohuwa Mariya Ann Smith kusa da Sidni a Ostareliya, sunanta ma ya ci. Ɓawo kauri, ciki tauri, ga daɗewa a firji bai lalace ba.

Fara da zaɓen wurin dasawa. In a Jidda kake ko Makka ka haƙura kawai, bishiyar tana so ta sha sanyi ƙasa da digiri 7 na awowi ɗari huɗu ko fiye kafin ta yi fure mai kyau, sai kan duwatsu, Shafa da Hada ta wajen Ɗa'ifa, ko Baha da Abha. Kuma don Allah a daina shuka ƙwallon tuffan kasuwa, abin da zai fito ba uwarsa zai yo ba. Ka je mashtal, wato wurin sayar da dashe, ka sayi dashe wanda aka yi wa aure, wato an haɗa reshen irin a kan saiwar wata bishiyar tuffa, ka haɗa da wani iri daban, ni Golden Delicious nake sawa, don ita kaɗai ba ta ɗauka sosai. Da tsada kam, amma guda biyu sun ishe ka gwaji. A watan Janairu ake dasawa, gaɓar auren tana saman ƙasa, kar ka binne ta.

To ga inda 'yan uwa masu aikin mazra'a, wato gona, suke kwafsawa duk shekara. Sanyi na shigowa ganye zai yi rawaya ya zube, bishiya ta koma sanda, sai hankalin mutum ya tashi wai ta mutu kafili zai yi faɗa, ya dinga ɗura mata ruwa da taki safe da yamma har saiwa ta ruɓe. Barci take yi malam. Ka kankare reshe da farce, in ka ga kore a ciki tana nan da ranta, rage ruwa ka ƙyale ta. In ma sanyin shekarar bai kai ba ganyen ya ƙi zuba, kai da kanka za ka tsige shi da hannu, nan ne kuma lokacin aski, wato rage mata rassa.

Ruwan rijiya mai gishiri yana ƙone bakin ganye, a kula. In ta yi 'ya'ya ka rage, ɗaya ko biyu a kowane gungu, ka bar ganye ya rufe su saboda rana tana toya fatar. Tana nuna a makare, ƙarshen kaka, kar ka yi gaggawar tsinka.