Yadda za ku kai iyali Aburi a lokacin dogon hutu

Magidancin da ke Nima, Mamobi ko Zangon Madina, idan yana neman inda zai kai yara su sha iska bayan an rufe makarantu, ba sai ya yi doguwar tafiya ba, domin garin Aburi da ke kan tsaunukan Akuapem bai kai kilomita 40 daga tsakiyar Accra ba.

Ku shiga trotro a tashar Madina da sassafe. Motar za ta bi ta Adenta da Oyarifa, daga Ayi Mensah kuma ta fara hawan dutse, tana lanƙwasa har Peduase, inda za ku hango Accra shimfiɗe a ƙasa. Na fi ba da shawarar ranakun aiki, saboda safiyar Asabar masu motsa jiki kan cika gefen wannan hanya. Ku riƙe wa yara rigar sanyi, don a watan Agusta hazo yakan lulluɓe garin da safe.

Lambun tsirrai na Aburi, wanda aka buɗe a 1890, shi ya cancanci mafi yawan lokacinku. Dogayen itatuwan da suka yi sahu biyu a mashiga su ne za su fara tarbarku, sannan ku nemi ƙaton rimin da ke ciki, ku bar yara su zagaya gindinsa. Kada ku yi gaggawa a nan. Ku nemi mai rakiya ya nuna muku itatuwan kayan ƙamshi, domin yaron da ya san kirfa a ƙullin kasuwa kawai zai yi mamaki idan ya shinshina ɓawonta a jikin bishiya.

Ku taho da guzurinku, ko waakye ne ko soyayyar kaza, tare da darduma da buta, don kada neman abincin halal ko wurin sallah ya katse muku yini. Ku riƙe canjin sidi na kuɗin shiga.

Idan da dattijo a tafiyar, ku tambaye shi labarin taron Aburi na Janairun 1967, inda Gowon da Ojukwu suka zauna kafin yaƙin basasar Najeriya.

Wanda zai kwana ya ƙarasa Mampong na Akuapem washegari, ya ga gonar koko da Tetteh Quarshie, wanda ake dangantawa da kafa noman koko a Ghana, ya dasa a 1879. A hanyar dawowa ku tsaya wurin masassaƙan bakin titi, kuma ku yi ciniki a natse kafin ku biya.