Ga masu buga wasan PUBG Mobile: ku rage kyawun hoto

'Yan uwa, ku shiga Settings, ɓangaren Graphics, ku zaɓi Smooth. Sannan ku ɗaga Frame Rate, wato yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa, zuwa iya abin da wayarku ta yarda.

High na ba ka hoto 30 a daƙiƙa, Ultra 40, Extreme 60. Mai 60 yana ganin motsin wanda ya leƙo ta taga sumul, ga saita bindiga ba tsalle-tsalle. Zaɓin HD na Graphics kuwa hoto kawai yake ƙawata maka, kamar ciyawa da inuwa, yana cinye ƙarfin waya. Kashe Shadows ma.

Amma da zafin Legas ɗin nan, waya na ɗaukar zafi sai ta rage gudu da kanta, 60 ɗin ya zube ana tsaka da musayar wuta. Cire mata riga, zauna kusa da fanka. Kada ka buga tana caji don kawai an kawo wuta. In duk da haka tana ƙuna, koma Ultra.

Wannan ba ya maganin ping, wato lambar da ke nuna jinkirin intanet tsakanin wayarka da wasan. In ka ga lambar ta yi ja, matsalar sabis ce. Tsayar da duk abin da ake saukewa, ko ka sauya layi, ba sai ka kai wayar kasuwar wayoyi ta Computer Village gyara ba.